Babur mai taya huɗu a jigawar Daura: salansa zan fara saya ko me?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Daga Daura nake rubutowa. Wata biyar ke nan da na sayi babur mai taya huɗu na hannu, Yamaha Raptor 700, ina fita da shi ranakun Asabar ta hanyoyin ƙauye wajen Sandamu da Mai'aduwa. Tun da hunturu ya wuce ƙarfinsa ya ragu, da safe sai ya ba ni wahala kafin ya tashi, yana yawan ɗaukar zafi, taya kuwa kusan kowace fita sai na yi faci. Abokaina sun ce in sa masa babbar salansa ƙarfinsa zai dawo. Na tara ɗan kuɗi. Me zan fara saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Salansar nan a ajiye ta tukuna, za mu zo kanta. Ka fara yi mini abu ɗaya yau ɗin nan, kafin ka kashe ko kwabo. Cire kujera, buɗe akwatin iska, fitar da soson iyakilina, sannan ka zura yatsa cikin robar da ke kai iska zuwa inji ka shafa bangonta. In yatsanka ya fito da ƙura, ko ka ji gari-gari kamar tsaki, to ga ɓarawon ƙarfin babur ɗinka nan. Bai kamata a sami ko ɗigon ƙura bayan soson ba.

Raptor 700 injinsa silinda ɗaya ne mai girman sisi (cc) 686, yana aiki da injekta, wato na'urar fesa wa inji fetur, tun fitowarsa a 2006. Inji irin wannan iska yake zuƙa kamar ba gobe, kuma iskar da ya zuƙa daga Disamba zuwa Fabrairu a ƙasar Daura rabinta buji ce. Ƙurar hunturu ta fi yashi illa, don ita laushi gare ta kamar garin alkama, tana ratsa busasshen soso ba tare da ta tsaya ba. Idan ta shiga sai ta riƙa goge bakin bawul ɗin shigar iska da zoben fistin a hankali. Bawul ya ci, tazararsa ta matse, ba ya rufewa sosai, shi ya sa injin ke yi maka gardama da safe yana sanyi. Saboda haka ka kai wa bakanike ya auna tazarar bawul da ma'aunin gwaji, ya kuma auna matsin injin. In tazarar ce kawai ta gushe, gyara ne na yini ɗaya. In zobe ya ci, to kuɗin salansar can za su tafi, kuma gara su tafi can.

Soson kansa yawancin mutane ba su san shi da mai yake aiki ba. Akwai man iyakilina na musamman mai danƙo, shi ke kama ƙurar. Ana wanke soso da ruwa da sabulu ko kananzir, ban da fetur, don fetur yana cin gam ɗin da ya haɗa shi. A bar shi ya bushe a inuwa, a shafe shi da man ko'ina, a matse rarar da tafin hannu, kada a murɗe shi kamar ana matse wanki. Sannan a shafa giris a bakinsa inda yake zama, don ta nan ƙura ta fi satar hanya. Ka mallaki soso biyu ko uku. A lokacin hunturu, kowace fita da nata. Na san za ka ce wahala, amma wankin soso minti goma sha biyar ne. Na taɓa buɗe wani inji da mai shi ya cire murfin akwatin iska wai don ya ƙara numfashi. Ƙura ta cinye bangon silindar ya yi sumul kamar madubi, yana shan baƙin mai yana hayaƙi, bai kai shekara a hannunsa ba.

Tunda an zo kan baƙin mai: kulocin babur ɗinka a cikin man injin yake wanka. Man mota na zamani da yawa ana sa masa sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur, shi kuma kuloci santsi ne maƙiyinsa, sai ya riƙa zamewa, inji na kuka babur ba ya gaba. Wannan ma mutane kan ɗauka ƙarfi ne ya ragu. Ka nemi man babur mai ɗauke da alamar JASO MA ko MA2 a jikin robar, ka saya a rufe daga wanda ka amince da shi, don jabu ya yi yawa a kasuwa. Kuma ka lura, man Raptor a tanki daban yake zama, ba a gindin inji ba, don haka sai an ɗumama injin 'yan mintuna kafin a duba sandar. Mai dubawa da sanyi sai ya ga kamar babu, ya ƙara, ya cika shi fiye da ƙima. Kowane juye ka haɗa da sabuwar matatar mai, kuma a ƙasarmu kada ka jira lokacin da littafin kamfani ya ce, yi da wuri.

Zafin da yake ɗauka abu uku zan duba. Haƙarƙarin lagireto, waɗanda tsabar ciyawa da ƙura ke toshewa. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa mai sauƙi, ban da injin wankin mota mai ƙarfi, don yana lanƙwasa su, yana kuma tura ruwa cikin boris. Sai fanka, ka tabbata tana tashi in ya yi zafi. Sai abin da ke cikin lagireton. In ruwan rijiya aka zuba, yana barin kanwa-kanwa a ciki ya toshe hanyoyi. A zubar, a ɗauraye, a sa ruwan lagireto na gaske. A watan Afrilu da zafi ke haura 40, fita da sassafe ko bayan la'asar ta fi wa injin, ta fi maka.

Fetur kuma, injekta ba ta da haƙurin kafireta. Man bumburutu mai ruwa ko datti yana kashe famfon mai. Tankin lita 11 ne, ka cika a gidan mai kafin ka fita.

Yanzu taya, inda nake so mafi yawan kuɗinka su tafi bayan inji. Tambaya ta farko: iska nawa mai faci yake sa maka? Tayar wannan babur iska fam 4 (PSI a ma'aunin iska) take so, gaba da baya. Mai faci ya saba da tayar mota mai 30 da wani abu, ma'auninsa ma ba ya motsi a fam 4, sai ya yi ta bugawa har tayar ta yi tauri kamar ƙwallo. Taya mai tauri ƙaya ta fi saurin huda ta, ba ta kama yashi, tana tsalle, kuma tana sa babur ya so kifewa a kwana. Ka sayi ƙaramin ma'aunin iska wanda iyakarsa fam 15, ya zauna a aljihunka. Tayoyin baya kuma dole iskarsu ta zama daidai wa daida, saboda ƙarfe ɗaya ne ya haɗa su, tare suke juyawa. In ɗaya ta fi ɗaya, babur ɗin zai riƙa jan ka gefe.

Ƙayar aduwa da bagaruwa da magarya ba a yi tayar kamfani don su ba. Nemi taya mai ninki 6, ka zuba ruwan toshe huda a kowace, ka ɗauki igiyoyin faci da allurarsu da ƙaramin famfon hannu. Tayar nan mai fikafikai kamar cebur da kake gani a bidiyon masu hawan tudun rairayi a Dubai, kada ta ruɗe ka. Ƙasarmu gauraye ce, nan rairayi, can tsandauri, gaba kaɗan marmara, wannan taya kwana biyu za ta yi ta gutsure.

Sarƙa: lambar girmanta 520, mai zoben roba a tsakanin gaɓoɓi. A wanke da kananzir, a sa mai kaɗan, a goge rara. Giris mai yawa a yashi ya zama dutsen wasa wuƙa. Sakinta tsakanin milimita 25 zuwa 35. In haƙoran sufuroket, wato faifan da sarƙa ke hawa, sun fara lanƙwasa kamar ƙugiya, sauya su duka tare da sarƙar. Ga kuma wani gyara mai arha da ya fi salansa amfani a rairayi: sufuroket na gaba haƙori 14 ne, na baya 38. In ka mai da na gaba 13, jan babur ɗin daga ƙasa zai ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100, gudun ƙarshe ya ragu kaɗan, gudun da dama babu inda za ka kai shi a hanyar amalanke.

Daga nan sai garkuwa. Farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, wani a ƙarƙashin sufuroket da faifan birkin baya, don su ne suka fi kusa da ƙasa, kututturen gona ɗaya ya isa ya lanƙwasa faifan. Sai matakan gefe masu raga, waɗanda ke hana ƙafa zamewa ta faɗa gaban tayar baya. Wannan ni a wurina wajibi ne. Na ga abin da tayar baya take yi wa ƙwauri. Sai igiyar kashe inji da ake ɗaurawa a jiki, in ka faɗi injin ya mutu. Kafin kowace fita ka girgiza tayoyin gaba da hannu, in ka ji ƙwal-ƙwal to tayarod ko boljoyin (ƙarafan da ke riƙe tayar gaba da juya ta) ko boris ya ci.

Kai kanka fa? Hular kwano mai rufe haɓa, tabarau mai hana ƙura, safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu. Babbar riga da rawani mai lilo a bar su a gida, sarƙa ba ta da ido. Babur ɗin ya haura kilo 190, in ya kife a kanka ba Jincheng ba ne. Kuma na mutum ɗaya ne. Doguwar kujerar an yi ta ne don ka riƙa matsawa gaba da baya da gefe, kana danne shi da nauyinka a kwana da hawa. Na san yaran unguwa za su yi ta roƙo a ɗana su. Ka ba su haƙuri.

To, salansa. Babbar salansa ita kaɗai ƙara take ƙarawa fiye da ƙarfi. Tana sa injin ya fitar da iska da yawa, man da injekta ke fesawa ya yi kaɗan, zafi ya ƙaru, wato ciwon da kake kuka da shi. In dole sai ka sa, sai an haɗa da na'urar daidaita feshin mai, da wanda ya iya saita ta, kuma a bar ragar tare tartsatsi a ciki, don da kaka karan gero da harawa a bushe suke a gonaki. Ka kuma tuna inda kake bi: burtali ne, da shanu da jakuna da raƙuma, ga dawakin Daura da ba su san wannan ruri ba. Da damina kada taya ta taɓa shuka. Ƙauyen da kake yawan ratsawa, ka tsaya ka gaida mai unguwa ya san fuskarka.

Wajen Mai'aduwa hanyoyin daji suna shiga Nijar ba alama, ka riƙe takardun kwastan na babur ɗin a jikinka. Ka riƙa bibiyar dokokin jiha kan babura, don sukan sauya saboda tsaro, kamar a 2021 da aka hana sayar da fetur a jarka. Dazukan yamma, wajen Jibiya da Batsari da Safana, ba wurin yawon shan iska ba ne. Kada ka fita kai kaɗai ba tare da aboki a kan nasa babur ba, ka ɗauki ruwan sha da igiyar ja da fulogi ɗaya na ajiya, a gida kuma a san hanyar da ka bi da lokacin dawowarka.

In ka yi gwajin yatsan nan, bakanike kuma ya auna bawul da matsin injin, ka rubuto mini abin da aka samu, sai mu ga ko zoben zai ƙara kai ka wani hunturun.