Yaya, ga dalilin da ya sa na cire tankin mai

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da su Inna da yara baki ɗaya. Ranar da muka yi waya layi ya yi ta yankewa, ban samu na amsa maka yadda ya kamata ba. Ka tambaye ni me zai sa in cire abin da ke aiki lafiya in zuba kuɗin adashina wajen sa wani, kuma wai da gaske ne a nan mutum kan zaɓi wanda zai sayar masa da gas kamar mai zaɓen shago a Kantin Kwari.

Da na ce mun bar mai mun koma gas na ji ka yi shiru, na kuwa san dalili, tunda a gida dizal muke ce wa gas. Man da ake ɗumama gida da shi a nan ɗan'uwan dizal ne, sai dai ana zuba masa jan launi don a bambanta shi da na mota saboda haraji. Shi muka bari. Abin da muka koma iskar gas ce, dangin wadda ake girki da ita, amma ba a tukunya take zuwa ba, bututu take bi ta ƙarƙashin titi har cikin gida, mita na ƙirga ta.

Sanyin nan ba hunturun Kano ba ne, wanda za a hura kasko da asuba, kafin hantsi kowa ya yar da bargo. A Bronx, yankinmu a birnin New York na Amurka, cikin Janairu, idan ɗumi ya ɗauke kwana ɗaya ko biyu, ruwa kan daskare a bututu ya fasa shi. Hukumar birnin New York ma ta mai da ɗumama gida doka. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, idan sanyin waje ya yi ƙasa da digiri 13 da rana, dole mai gida ya ɗumama wa ɗan haya ɗaki ya kai digiri 20, da dare kuma kusan 17. In bai yi ba ɗan haya ya buga 311, lambar hukumar birnin, ya kai ƙara. Ka san akwai iyali da ke haya a benena, har da jaririya. Ɗuminsu a wuyana yake, gaban hukuma da gaban Allah.

A ɗakin ƙasa boila take, ita ke dafa ruwa ta tura zafi cikin ƙarafunan da ke jikin bangon kowane ɗaki. Kusa da ita tankin mai yake, galan 275, wato ya haura lita dubu. Motar mai ta zo ta tsaya a ƙofar gida, direba ya ja mesa ya ɗura ta wani baki da ke jikin bango. A kan tankin akwai ɗan ma'auni kamar yatsa cikin gilashi, kuma duk mai irin wannan gida ya san yadda zuciya ke yi in ka sauka da tocila ka tarar ya kusa taɓa ƙasa. Wani dare ya ƙare mana ana zubar ƙanƙara. Na yi ta kiran masu kawo man, suka ce sai gobe. Muka kwana da rigunan sanyi, na hau sama na ba 'yan haya haƙuri ina jin kunya.

A 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukren, galan ɗaya ya haura dala 5. Lissafa ka gani, cika tanki sau ɗaya ya wuce dala dubu, a biya nan take, kuma cikawa ɗaya ba ta fid da mutum lokacin sanyi. Amma ba tsada kaɗai ta tayar mini da hankali ba. Ranar 9 ga Janairun shekarar gobara ta tashi a wani dogon bene a nan Bronx, mutum 17 suka rasu, takwas yara ne, yawancinsu 'yan'uwanmu Musulmi 'yan Gambiya. Ƙaramar hitar lantarki ce ta haddasa ta, irin wadda mutane ke kunnawa idan ɗumin gida bai ishe su ba. Tun daga ranar na ƙudura ba za a kai ga kunna irinta a gidana ba.

Aikin sauyawar ba na kowane mai gyara ba ne. Sai mai lasisin aikin famfo da gas, sai izinin hukumar gine-gine, sannan Con Edison, kamfanin da ke da bututun gas a yankinmu, su tabbatar layin zai ɗauka. Aka zuƙe ragowar man, aka yanka tankin aka fitar, aka gyara mafitar hayaƙi. Kuɗi ne masu kauri, kuma mutanen nan bashin banki suke ci su yi. Mu namu ba sa son kuɗin ruwa, sai mutum ya jira kwasarsa ta adashi. Abin da na yi ke nan.

Zancen zaɓen kamfani kuwa gaskiya ne, amma ba kamar yadda ka zata ba. Takardar kuɗin gas kashi biyu ce: kuɗin kawowa da kuɗin gas ɗin kansa. Bututu ba ya canzawa, a Bronx na Con Edison ne, a Brooklyn na National Grid, kamar yadda a Kano ba ka da wata wayar lantarki sai ta KEDCO. Kashi na biyu ne doka ta yarda ka saya daga wani ɗan kasuwa. A nan ne ake cin baƙi. Saurayi zai ƙwanƙwasa ƙofa da kati rataye a wuya, ya ce a nuna masa takardar don ya rage kuɗi. Lambar asusun da ke jiki yake nema. Farashin watannin farko da daɗi, daga baya ya hau, in ka ce za ka fita a nuna maka tara a ƙananan rubutu. Ya faru da wata dattijuwa maƙwabciyata da ba ta jin Turanci sosai. Hukumar jihar ma ta tsaurara musu dokoki bayan ta gano mutane da yawa sun biya fiye da wanda bai sauya ba.

Saboda haka muna da al'ada a tsakaninmu, mu da mutanen Nijar da 'yan zango na Gana: ba a sa hannu a bakin ƙofa. Mutum ya naɗe takardarsa ya zo da ita masallaci ranar Juma'a. Bayan an idar, wani da ya daɗe a ƙasar, ko ɗaya daga yaranmu da suka yi karatu a nan, ya duba masa: farashin a tsaye yake ko yana yawo, wata nawa ne, akwai tarar fita? Nan ne kuma ake gaya wa mai ƙaramin ƙarfi ya nemi tallafin ɗumama gida na gwamnati da ake kira HEAP, don wasu kunya ke hana su. Ni dai na zauna a kan kamfanin bututun, na shiga tsarin da ke raba kuɗin shekara daidai a kan watanni goma sha biyu.

Yaran sun yi mini gardama, suka ce gas ma kwanansa ya kusa, tunda a 2021 birnin ya yi dokar hana shi a sababbin gine-gine, gara in sa na'urar ɗumi mai aiki da lantarki. Suna da hujja. Amma tsohon gida ne, sai an sake wayoyinsa, kuma kuɗin bai kai ba.

Abu ɗaya nake roƙonka. A nan doka ta tilasta mana rataye wata 'yar na'ura mai ƙara idan iskar guba marar wari ta taru a ɗaki, irin wadda gawayi da janareta ke fitarwa. Na ba mai tahowa guda biyu ya kawo maka. Ka sa ɗaya a ɗakin Inna, tunda na san ba za ta bar kaskonta ba in hunturu ya shiga, kuma a riƙa bar mata taga a ɗan buɗe. A gaida kowa da kowa.