Amsa kan haɗa bakin kafet ɗin masallaci

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kwamitin masallacinku ya sayo kafet ɗan Turkiyya mai layin sahu, faɗinsa mita 4, za a jera shi falle uku. Ka ce tsohon da kuka cire duk a mahaɗa ya mutu: baki ya buɗe, zare ya fito, har dattawa na tuntuɓe. Kana son sanin kayan aikin da ake buƙata, da kuma ko dutsen guga na gida zai narkar da tef ɗin haɗi. Shimfiɗa kafet ita ce sana'ata, don haka ga abin da na sani.

Idan tsohon kafet ɗin yana nan ba ku kyautar ba, je ka kama zare ɗaya a bakin da ya buɗe ka ja. In ka ga layi guda ya biyo hannunka yana warwarewa, to wanda ya yi muku aikin bai taɓa toshe bakin ba, yanka kawai ya yi ya manna. Yawancin kafet ɗin masallaci da ke zuwa mana daga Turkiyya saƙar inji ne, kuma birnin Gaziantep ne cibiyar wannan sana'a a can. Gashin kafet, wato zaren saman da ake takawa, a sarƙe yake tsakanin zaren tsaye da na kwance. Da zarar wuƙa ta ratsa, layin ƙarshe ba shi da maƙwabcin da zai riƙe shi. Tsintsiya ta ja, ƙafa ta ja, injin shara ya ja, kafin shekara ta zagayo layi biyu ko uku sun zube, sai ka ga rami a tsakanin fallayen. Ko wane irin tef ka sa a ƙasa ba zai hana wannan ba, domin tef bayan kafet yake riƙewa, ba gefensa ba.

Maganinsa gam ne fari mai ruwa-ruwa, na roba, da ke zuwa a gora mai tsinin baki. Ana bin bakin da aka yanka da shi, kaurinsa kamar tsinken ashana, a daidai inda gindin gashi ya haɗu da bayan kafet, sannan a bi da babban yatsa a cusa shi cikin saƙar. Kada ya hau gashi. In ya hau, a goge nan take da jiƙaƙƙen tsumma, in ba haka ba ƙurar hunturu za ta manne a wurin, ku wayi gari da baƙin layi tun daga wannan bango har wancan, kuma ba ya wankuwa. A Amurka, ƙa'idojin shimfiɗa na ƙungiyar Carpet and Rug Institute, wato CRI 104 na wuraren jama'a da CRI 105 na gidaje, sun wajabta wannan toshe bakin. Mu a nan shi ne abin da aka fi tsallakewa, saboda yana cin lokaci kuma mai biyan kuɗi ba ya ganinsa ranar da aka gama.

Sai yanka, wanda a wurina shi ne rabin aikin. Bakin da kafet ya zo da shi daga kamfani ba a haɗa shi haka nan. Ya sha ja da goga a kwantena da mota da kafaɗar 'yan dako, sau da yawa ma yana da wani siririn gefe marar gashi. Dole a rage shi. Amma naku mai zane ne, saboda haka ba a ragewa da ka. In irin mai sahu uku ne a faɗin mita 4, kowane sahu zai kama kusan santimita 133. A auna na tsakiya, sannan a yanke gefunan yadda sahun da mahaɗa ta faɗa a kansa zai fito daidai da 'yan'uwansa. Na shiga masallatai da dama da za ka ga sahu ɗaya ya tsuke, mai sujada yana karo da dugadugan na gabansa, duk don an zaftare gefe ba awo.

Yadda nake yi: in ɗauki sukundireba mai faɗin baki, wadda ba ta da kaifi, in soka ta tsakanin layukan gashi biyu, in tura ta a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Gashin zai dare gida biyu kamar tsagar kitso, kana hango ƙasan saƙar. A cikin wannan tsagar ake tura wuƙar yankan layi, mai ƙafa a ƙasa da reza a gefe, ta yanke bayan kafet ba tare da ta aske gashi ko ɗaya ba. Wanda ba shi da wannan wuƙa sai ya kifa gefen, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe, ya yanka ta baya da wuƙar reza. Sharaɗin shi ne rezar ta ratsa bayan kawai, kada a danna har ta kai gashi, sannan a raba da hannu. A sa falanki a ƙasa don kada siminti ya cinye kaifin. Reza kuwa sabuwa ga kowace mahaɗa. Dakusasshiya yagar zare take yi, kuma kuɗin fakitin reza bai kai kuɗin abincin ranar ma'aikata ba.

Akwai wata dabara da za ka ga yara masu sauri suna yi: su ɗora falle kan falle su yanke biyun lokaci guda. Tana yi a siririn kafet ɗin ofis marar gashi. A kan naku mai kauri, wuƙar za ta aske gashin na ƙasa, ta kuma tsallaka layuka a karkace. Kada ku yarda.

Tun kafin wuƙa ta fito, a warware fallayen cikin masallacin su kwana, awa 24 aƙalla, su saki lanƙwasar naɗi. Ka shafa kowanne da tafin hannu: ta wani ɓangaren gashin zai kwanta, ta ɗayan zai tashi. Dole duka ukun su kwanta ta fuska ɗaya. In aka juya ɗaya, zai fito kamar launinsa daban, ɗaya da duhu ɗaya da haske, alhali daga naɗi guda aka yanko su. Mai zanen mihrabi ba ya rikitarwa, zanen zai nuna maka gaba. Mai layi zalla shi ne ake juyawa ba a sani ba, shi ya sa nake zana kibiya da alli a bayan kowane falle tun a wurin yanka. Ka duba takardar jikin naɗin ma, lambar rini ta zama ɗaya. In daɓen sabo ne, a manna leda a ƙasa da tef ta kwana. Aka ga raɓa a ƙarƙashinta da safe, simintin bai bushe ba, a jira.

Yanzu maganar dutsen guga. Amsar ta danganta da yadda za a kwantar da kafet ɗin.

In manne shi za a yi gaba ɗaya a kan siminti ko tayil, wanda shi nake ba masallatai shawara saboda yawan ƙafa da durƙuso, ba ku buƙatar tef mai zafi ko kaɗan. Bayan an yanka an gwada bakunan a bushe sun zauna, sai a naɗe kowane falle baya kamar rabinsa, a shafa gam ɗin kafet a ƙasa da faranti mai haƙora, a ba shi ɗan lokacin da aka rubuta a jikin bokitin ya fara danƙo. A kwantar da falle na farko, a bi bakinsa da gam ɗin toshe baki, sannan a kawo na biyu a tura shi ya sadu da na farko tun gam ɗin yana ɗanye, yadda bakunan biyu za su kama juna. Daga tsakiyar mahaɗa ake fara daidaita zane, a yi dama a yi hagu, don in akwai ɗan saɓani ya rabu biyu ya ɓace a jikin bango. Da bazara gam yana yin fata da wuri, kada a shafa fili mai yawa a lokaci guda. Gam mai warin fetur irin na masu gyaran takalma kuwa, wanda ake shafa layi biyu a ƙarƙashin mahaɗa a ce an gama, ba na wannan aikin ba ne. Yana kamawa nan take, ba ya ba ka damar gyara zane, ga tururinsa yana kama wuta a rufaffen ɗaki.

In kuwa za a sa soso a ƙasa don taushi, a ja kafet ɗin a maƙale shi a katako mai ƙusoshi a gindin bango, nan ne tef mai zafi yake aiki. Takarda ce mai faɗin santimita 8 zuwa 15, da raga da busasshen gam a kanta. Ana shimfiɗa ta a ƙarƙashin mahaɗa, gam yana kallon sama, rabi a nan rabi a can. Dutsen gugarsa na musamman ne. Yana shiga ƙarƙashin kafet ya hau kan tef, siririn mariƙinsa ya leƙo ta tsakanin bakunan biyu, a samansa kuma akwai murfin da ke kare bayan kafet daga zafi. Ka bar shi kamar rabin minti a farko har gam ya narke, ka tura shi gaba tsawon jikinsa, ka danna bakunan cikin narkakken gam a bayansa, kana ture gashi da yatsa kada ya nutse ciki. Tafiyar ta bi kwanciyar gashi. A bi da ƙaramar rola mai santsi. Mai haƙora kamar tauraro tana tsefe irin gashin naku in yana da zafi. Sannan a ɗora falanki da nauyi a kai, ba akwatin ƙarfe ba, don ƙarfe yana tsare zafi ya bar tabo. Kada a ja kafet ɗin sai mahaɗa ta huce sarai, minti 20 ko fiye.

Dutsen guga na gida ba zai shiga ƙarƙashi ba, don haka masu amfani da shi ta sama suke gogewa, da jiƙaƙƙen ƙyalle a tsakani. Zafin da zai ratsa gashi da baya har ya narkar da gam ya isa ya lalata gashin. Kafet mai araha yawanci zaren roba ne da ake kira folifurofilin, wanda ke narkewa a wajen digiri 160, yana kuma fara motsewa tun kafin nan. Sakamakon shi ne layi mai sheƙi, a kwance, mai ƙaiƙayi a goshi, kuma ba ya tashi har abada. Inda kawai na yarda da dutsen gida shi ne ƙaramin abu, kamar ƙara tsawon darduma: a kifa ta, a ɗora tef ta baya, a goge ta kan takardar. Falle mai tsawon masallaci ba ya kifuwa haka.

Wanda zai sayi dutsen haɗi ya duba wutarsa. Da yawa daga cikin na hannu da ake kawowa daga Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne, tamu kuwa 230 ce. Ka soka shi kai tsaye, ya ƙone. A kuma tanadi janareta a kunne tun farko, domin in aka ɗauke wuta kana tsakiyar mahaɗa, dutsen zai sandare cikin gam, ɓamɓaro shi kuwa sai ya ci bakin da ka sha wahalar yankawa.

Akwai hanya ta uku da ta girmi duka biyun, wato ɗinki da hannu, da lanƙwasasshiyar basilla da zare mai kakin zuma, ta baya. A kan saƙaƙƙen kafet na ulu har yanzu ban ga abin da ya fi ta ƙarko ba, kuma ba ruwanta da wuta. Sai dai masu haƙurin yinta sun yi ƙaranci, kuma ladan da kwamitoci ke yankewa ba ya biyan kwanakin da take ci. A nan zan ɗan yi ƙorafi: za a tara miliyoyi a sayi kafet, in an zo kuɗin aiki sai a nemo wanda ya fi kowa araha, a ce ai shimfiɗawa ce kawai.

Game da inda mahaɗa za ta faɗa, kun yi sa'a, doguwar mahaɗarku za ta bi layin sahu, canjin launi zai ɓoye ta. Wadda nake tsoro ita ce ta tsallake, in naɗi ya ƙare sahu bai kai bango ba aka yi ƙari. Wannan yankan yana datse kowane layi na saƙar, shi ya sa ta fi kowacce rauni. Kada ta faɗa bakin ƙofa inda jiƙaƙƙun ƙafafu ke shigowa daga alwala, kada ta faɗa bayan liman inda kowa ke rububi. A kai ta can kusa da bango, kuma ƙarin kada ya zama ɗan guntu. Duk inda aka tsaga don zagaye ginshiƙi, a toshe bakinsa shi ma. A bakin ƙofofi a sa ƙarfen danne baki.

Ku fara aikin ranar Asabar ko Lahadi, ba Alhamis ba. Kafet ɗin da aka manne yana son awa 24 ba a taka shi ba, sai ku shirya yin salloli a haraba, kafin Juma'a kuma warin gam ya fita. Kafin ku ba kowa aikin, ku miƙa masa guntaye biyu ya haɗa a gabanku. In ya huce, ka lanƙwasa mahaɗar ta baya ka ga ko za ta buɗe baki, ka kankare ta da farce ka ga ko gashi zai fita. Ragowar guntayen kuma a adana su a ɗakin ajiya, domin ranar da garwashin turare ya faɗa ya ƙona wani wuri, da wuya ku sami irin launin a kasuwa.