Tambaya da Amsa: Looper ɗina ya ƙi haɗa min dogon kiɗa

Tambaya: Salam malam. Na sayi looper Ditto na kamfanin TC Electronic, wato na'urar da ake takawa da ƙafa ta ɗauki kiɗa ta riƙa maimaita shi, gajeren kiɗa ina ɗauka lafiya lau, amma da na ja shi sai ƙarshe da farko su ƙi haɗuwa, ka ji ya yi tsalle kamar faifai ya karce. Ko wuri ne ya yi masa kaɗan? Mai karatu daga Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wuri kam akwai, Ditto na ɗaukar har minti 5, matsalar a ƙafa take. Yawanci da an kaɗa tsirkiyar ƙarshe sai a yi saurin takawa, alhali sai bugun "ɗaya" na zagaye na gaba ake takawa, kuma hannunka na ci gaba da kiɗa, kar ka tsaya.

Ka fara kiɗan tun kafin ka taka, ka yi zagaye biyu har jikinka ya ɗauka, kana ƙirga ɗaya biyu uku huɗu a baki. Sannan dogon kiɗa mutum kan ƙara sauri bai sani ba, shi ya sa nake son ka kunna metronom a waya, wato abin da ke buga maka ƙidayar kiɗa daidai ba sauri ba jinkiri. Zagaye 4 tukuna, in ya zauna ka koma 8.