Tsakanin Talking Timbuktu da Niafunke, Wanne Ya Fi?

Tambaya: Malam, na daɗe ina sauraron faifan Talking Timbuktu na marigayi Ali Farka Toure, mawaƙin nan na Mali. Kwanan nan na samu wanda ya biyo bayansa, Niafunke, sai na ji kiɗan ba armashi kamar na farko. Ƙarfinsa ne ya ragu, ko kunnena ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙarfinsa bai ragu ba ko kaɗan. Wurin da aka naɗi kowanne kake ji.

Talking Timbuktu ya fito a 1994. A Amurka aka naɗe shi, tare da makaɗin jita Ry Cooder da wasu ƙwararrun can, har ya ci kyautar Grammy. Kiɗa ne mai daɗi, a goge yake tas, amma Ali baƙo ne a wurin, kuma baƙo yakan rage murya.

Bayan wannan nasara sai ya koma garinsu Niafunke, a bakin Kogin Neja, ya duƙufa kan noman shinkafa. Da Nick Gold na kamfanin faifai na World Circuit ya ga ba zai baro gona ba, shi ya bi shi har can da na'urorin naɗar sauti da janareto, suka kafa a wani tsohon gini da aka daina amfani da shi. Sai Ali ya taso daga aiki ake zama naɗa. Faifan ya fito a 1999, kuma mutanen gida ne suka taya shi kiɗa da waƙa, cikinsu har da almajirinsa Afel Bocoum.

Ka sake saurare da dare, ka bar jita tukuna, ka kasa kunne ga ƙwaryar da ake bugawa a ƙarƙashinta. Ita ke riƙe da waƙar. Sannan ka nemo njarka, ɗan goge mai tsirkiya ɗaya, wanda duk Bahaushen da ya san kukuma zai gane kukansa nan take. 'Yan amshi ma ba a tace muryarsu ba, kamar kana zaune a tabarma ɗaya da su. Abin da ka kira rashin armashi, ni a nan nake jin mutumin da kansa, kuma shi ya sa na fi son wannan faifan.

Idan har yanzu kana son kiɗa mai kauri, nemi Savane, wanda ya fito a 2006, watanni kaɗan bayan rasuwarsa a Maris na shekarar. A Bamako aka naɗe shi, da molon ngoni na Bassekou Kouyate.