Allura ta soke ni a wurin aiki, me zan yi?

Sannu 'yar'uwa, Allah Ya tsare. Tunda allurar da kika yi wa majiyyaci ce ta soke ki, ki wanke yatsan da sabulu da ruwa, kada ki matse shi. Ki gaya wa shugabar sashenku yau ɗin nan, a gwada jininki da nasa. Maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28, don Allah kada ki jira gobe. Kin kammala rigakafin ciwon hanta kuwa?

Ni ma ta taɓa soke ni a wani asibiti a Tudun Wada, garin mayar da murfi da dare bayan an ɗauke wuta, ga kwalin zuba allurai ya cika maƙil. Tun ranar ban sake mayar wa allura murfinta ba.