Daga Maraɗi zuwa Kano: Zan iya bin sawun taragon kayana a waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Dei-Dei, nan Abuja, ina saro wake daga Maraɗi. Da mota ta taso sai in yi ta kiran direba, wani lokacin wayarsa a kashe har kwana biyu, hankalina a tashe. Idan jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi ya fara aiki, zan iya ganin inda kayana suke a wayata?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Fasahar da za ta yi maka wannan aikin tana nan, ta ma daɗe. Ko za ta iso wayarka, wannan ya rataya ne a kan abin da hukumomin ƙasashen biyu, Najeriya da Nijar, suka shirya.

Layin da kake magana a kai, mai tsawon kimanin kilomita 284, an ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ne ke gina shi. Zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya kafin ya tsallaka Nijar.

Ta hanya biyu ake sanin inda jirgi yake. Akwai ta tauraron ɗan'adam, irin wadda ke cikin wayarka: na'ura ta kamo saƙon aƙalla taurari huɗu, ta lissafa inda take, ta aika da labari ta layin waya. Amma masu kula da zirga-zirgar jirage ba sa dogara da ita ita kaɗai, domin tana iya kuskure da 'yan mitoci, kuma inda layin dogo biyu ke gefe da gefe, 'yan mitocin nan su ne tsakanin rai da mutuwa. Shi ya sa a Turai suke dasa wasu faifai, galibi ruwan ɗorawa, a tsakiyar dogo. Duk sanda kan jirgi ya wuce ta samansu sai ya karanta, ya san daidai wurin da yake, tsakanin faifai da faifai kuma ya riƙa ƙirga juyin ƙafafunsa, ya sanar da ɗakin kula ta rediyo.

Wannan na kan jirgi ne. Kai kuwa tarago ne damuwarka, kuma taragon kaya ba shi da lantarki. Ana iya kwance shi a Katsina a ajiye gefe, kan jirgin ya wuce abinsa. Don haka ake ɗaure wa kowane tarago ɗan akwati mai batir da farantin hasken rana, yana farkawa lokaci-lokaci ya faɗi inda yake, ya koma barci don kada caji ya ƙare.

A bakin iyaka ne gizo ke saƙa. Ƙasashen Turai sun sha wannan wahalar: jirgi ɗaya ya taso daga Jamus da lamba ɗaya, ya shiga Italiya da wata, kwamfutar nan ba ta gane maganar ta can, mai kaya ya rasa wanda zai tambaya. Ƙungiyar RailNetEurope, wadda aka kafa a 2004 kuma take da mazauni a birnin Biyana na Ostiriya, ita ta haɗa tsarin da ke tattara bayanan ƙasashe a wuri ɗaya, yana ɗinke lambobin, a ga jirgi daga tashi har sauka da adadin mintunan da ya makara.

Mu namu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Layi ɗaya ne, agogon Najeriya da na Nijar ɗaya ne, mutanen Jibiya da na Maraɗi kuma Hausa suke yi. Abin da nake so ƙungiyoyin 'yan kasuwa su matsa a kai, tun kafin a yanke kirtanin buɗewa, shi ne kowane tarago ya zama yana da lamba ɗaya tilo da ɓangarorin biyu suka sani, a rubuta ta a takardar kayanka, kwastan na nan da na can su riƙa duba allo ɗaya, na'urar kuma ta iya komawa sabis ɗin Nijar da kanta. In aka bari sai jirgi ya fara gudu, gyaran ya fi tsada.

Ba na goyon bayan a baza wannan bayani a fili. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022 har yau yana zukatanmu. Mai kaya ya ga taragonsa da lambar sirrinsa, sauran kuma ya tsaya a hannun ma'aikata.

Tambaya: Malam, ɗana yana hawa jirgi daga Kubwa zuwa Rigasa duk ƙarshen wata. Ba na samun natsuwa sai ya sauka. Yaya zan yi?

Amsa: Hajiya, Allah ya raya mana shi. Ya buɗe hirarku a WhatsApp, ya taɓa alamar haɗa saƙo, ya shiga wurin taswira, ya zaɓi aika inda yake kai tsaye. Za a ba shi zaɓi uku: minti 15, awa 1, ko awa 8. Ya ɗauki awa 8, domin tafiyar ta haura awa ɗaya. Ke kaɗai zai tura wa, ban da zaure.

Idan kika ga ɗigon da ke nuna inda yake a taswira ya tsaya cak a tsakiyar daji, kada gabanki ya faɗi. Sau da yawa sabis ne ya ɗauke: wayar ta san inda take, hanyar gaya miki ce ta toshe, da sabis ya dawo za ki ga ɗigon ya yi tsalle gaba. Ya dai cika wayarsa da caji kafin ya fita, don wannan aikin yana shan batir sosai.