Amsa: Wane maudu'i zan kai taron masana kimiyyar siyasa?

Wa'alaikumussalam Malam. Ka ce kana digiri na biyu, kana son gabatar da muƙala a taron masana kimiyyar siyasa na shiyya, amma ka rasa maudu'i.

Shawarata, ka bar "Dimokuraɗiyya a Afirka" da ire-irensa, an gaji da jin su. Kano kaɗai ta ishe ka. Dubi batun masarauta: a 2019 gwamnatin Ganduje ta raba ta gida biyar, a 2024 majalisar jiha ta soke dokar, aka dawo da Sarki Sanusi. Tambayar a nan ita ce, ina ikon gwamna ya tsaya a kan sarauta, kuma me ya sa kotunan jiha da na tarayya suka yi ta ba da umarni masu karo da juna? Wannan zai ja muhawara sosai, sai dai ka riƙe alƙalaminka, kada a gane ɓangarenka tun shafin farko.

In tarihi ya fi maka, kwatanta jam'iyyun NEPU ta 1950 da PRP ta 1978 da tafiyar Kwankwasiyya: aƙida ce ke tara jama'a ko mutum ɗaya? Ka leƙa Gidan Mambayya, wato gidan marigayi Malam Aminu Kano a Gwammaja, don takardu.

Akwai kuma ficewar Nijar daga ECOWAS da yadda ta shafi 'yan kasuwar Dawanau.

Ɓangaren koyarwa mutane ke rainawa, alhali masu muƙala ba su cika yawa a can ba. Rubuta yadda ake koyar da dabarun bincike a aji mai cunkoso. Ka tura wa masu shirya taron taƙaitaccen bayanin muƙalarka kafin wa'adi ya cika, ka kuma nuna wa malamin da ke duba aikinka tukuna.